Moto biyu, gida ɗaya: wanda ya fi iya rairayi shi ya ɓace

Kaka ta yi, kuɗin aya da wake sun fara shigowa, wasunmu kuma ido na kan sabon moto. Kafin a ƙirga kuɗin, ga wani tarihi.

Kamfanin Harley-Davidson na Amurka, wanda aka kafa a 1903, ya ƙera wa sojojin ƙasar moto iri biyu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko WLA, an fara shi a 1940. Sarƙa ke jan tayar baya, giya a hannu take, kulocin kuma a ƙafa. Ba wani sabon abu a jikinsa, tsohon moton farar hula ne aka yi wa kayan soja.

Na biyu XA, na 1942, don hamadar Arewacin Afirka aka yi shi, an kwaikwayi BMW R71 na Jamus. Babu sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar. Silinda biyun kuma sun fito gefe da gefe, iska na bugunsu, don haka injin bai cika zafi ba. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya nufi ƙauye ya san yadda rairayi ke cin sarƙa. A wannan fanni XA ya fi ɗan'uwansa nesa ba kusa ba.

To amma wa ya yi nasara? XA kusan 1,000 kacal aka ƙera aka tsaya. Sojoji sun karkata ga motar Jeep, yaƙin hamada kuma ya ƙare a watan Mayu 1943. WLA kuwa an ƙera fiye da 60,000, har Tarayyar Sobiyet an aika wa dubbai. Bayan yaƙi aka sayar da su da araha, kayan gyara ko'ina, makanikai sun san cikinsa. Irin injin nasa ma an ci gaba da sa shi a mai taya uku na kamfanin har 1973. XA kuwa sai gidan tarihi da hannun masu tara tsofaffin kaya.

A nan darasin yake gare mu. Moto a ƙauyukanmu shi ke kai mai naƙuda likita da dare, shi ke kai buhu kasuwa, shi ne abincin ɗan kabu-kabu. Ranar da ya lalace, kyawun injin ba zai tashe shi ba. Kafin mu saya, mu tambayi makaniken garinmu: ka san wannan? Kayansa na samuwa a nan, ko sai an je Maradi? Nawa ne sarƙa da fistin ɗinsa? Idan ya yi shiru yana sosa ƙeya, mu riƙe kuɗinmu tukuna.

Allah ya tsare mu a kan hanya.