Rashin Jure Ƙamshi da Hayaƙi: Yadda Za Ka Samu Iska Mai Tsafta a Samaru da Sabon Gari

Mene ne wannan matsala?

Akwai mutanen da ɗan ƙamshin turare, warin fetur ko sabon fenti kan jawo musu ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙaiƙayin maƙogwaro, toshewar hanci ko nauyin ƙirji, alhali na kusa da su ba su ji komai ba. Wani likita a Amurka, Mark Cullen, ya bayyana matsalar a 1987 da sunan da ake taƙaitawa MCS. Har yau babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da ita, kuma masana ba su yi ittifaƙi kan musabbabinta ba. Amma wahalar da kake ji gaskiya ce, ba raki ba ne.

Fara da ganin likita

Asma, atishawa da mura ta rashin jituwa da ƙura, ciwon ɓarin kai, ƙarancin jini da yawan fargaba duk suna kama da wannan matsala, kuma kowannensu na da magani. Je asibiti mafi kusa. Idan akwai buƙata, za a tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika don awon ƙarfin numfashi. Tarin da ya kai mako 2 yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi a asibitoci da dama har da cibiyar Saye.

Kafin ka je, yi mako 2 kana rubuta inda kake, abin da ka shaƙa, da abin da ka ji. Wannan zai taimaki likita ƙwarai.

Abubuwan da ke tayar da ita a Zariya

- A waje: hayaƙin tireloli, adaidaita sahu da acaɓa a Kwangila, PZ da titin Sakkwato da ya ratsa Samaru, warin fetur, fenti da maganin ƙwari a cikin cunkoson kasuwar Sabon Gari, ƙona bola da roba, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.
- A gida: turaren wuta, humra, maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, kafur, risho, gawayi, itace da janareto.

Mutane kan zargi titi, amma hayaƙin cikin gida ba ƙaramin haɗari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020.

Keɓe ɗaki ɗaya

Ba ka da iko da iskar gari, amma kana da iko da ɗakin da kake kwana, inda kake shafe kusan kashi ɗaya cikin uku na yininka.

1. Zaɓi ɗakin da ya fi nisa da titi, madafa da janareto.
2. Fitar da turare, kafur, fenti, kananzir da kayan wanki.
3. Goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya. Idan da hali, cire kafet.
4. Buɗe tagar da ba ta kallon titi, musamman bayan ruwan sama. Rufe ta idan hazo ya yi kauri, ko da magariba lokacin da hayaƙin girki ke kwanciya a unguwa.
5. Kada ka bar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Yi amfani da gidan sauro mai magani, ka shanya sabo a inuwa na awa 24 kafin ka ɗaura.

Abubuwa uku da ba a wasa da su

- Kada a kunna janareto ko gawayi a ɗaki, zaure ko bakin taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.
- Kada a fesa ota-piya-piya ko maganin ƙwarin gona a ɗaki. Na gona ne, ba na gida ba.
- Kada a haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai, domin suna fitar da iska mai ƙona huhu.

Idan za ka fita

Je kasuwa kafin cunkoso, ka bi lungu maimakon babban titi. Takunkumin N95 na tare ƙura da ɓurɓushin hayaƙi, amma ba ya tare wari ko tururin fetur. Idan kana da asma, kada ka fita ba da maganinka na shaƙa ba. Unguwannin Samaru masu bishiyoyi, nesa da titi, sun dace da tattaki.

Kada kuma ka kulle kanka a ɗaki. Barin aiki, makaranta da zumunci kan ƙara damuwa, damuwa kuwa kan tsananta alamomin.

Ga iyali

Turare abin so ne a gidajenmu, don haka maganar na buƙatar lalama. Ku turara kaya a tsakar gida, ba a ɗakin mara lafiya ba. Ku sanar da baƙi tun kafin su zo. A wajen biki ko suna, ku samar masa wuri kusa da ƙofa. Kada ku ce masa iyayi ne.

Garzaya asibiti nan take idan akwai:

- numfashi sama-sama har magana ta gagara;
- kumburin leɓe, harshe ko fuska;
- ciwon ƙirji, suma ko ruɗewa;
- dalalar miyau, amai da gumi bayan fesa maganin ƙwari;
- ciwon kai da jiri ga mutanen gida da yawa lokaci guda. A nan, ku fita waje tukuna, sannan ku nemi taimako.