Mujallar Der Spiegel: Tarihinta da Yaɗuwarta

Der Spiegel mujallar labarai ce da ke fitowa mako-mako cikin harshen Jamusanci, ma'anar sunanta kuwa ita ce "madubi". Ta samo asali ne daga wata mujalla mai suna Diese Woche, wadda wani hafsan sojan Birtaniya, John Chaloner, ya kafa a birnin Hannover a 1946, lokacin da yankin ke hannun Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da sukar da take yi ta ishi hukumomin mamaya, sai suka miƙa ta ga Jamusawa. Rudolf Augstein, matashi ɗan shekara 23, ya karɓi ragamarta ya sauya mata suna. Fitowar farko ta kasance ranar 4 ga Janairu, 1947, da kwafi 15,000. A 1952 aka mayar da ofishinta Hamburg.

Abin da ya ɗaukaka sunanta ya faru ne a Oktoban 1962, sa'ad da ta buga rahoton Conrad Ahlers da ke nuna cewa sojojin Jamus ta Yamma ba su da cikakken shirin kare ƙasa. Gwamnatin Konrad Adenauer ta kira wannan cin amanar ƙasa. 'Yan sanda suka mamaye ofishin, aka kama Ahlers a Sifen, Augstein kuma ya kwana 103 a tsare. Sai dai reshe ya juye da mujiya: ɗalibai da marubuta suka fito zanga-zanga, ministan tsaro Franz Josef Strauss ya rasa kujerarsa, kotu kuma ta yi watsi da tuhumar a 1965. Tun daga nan masu karatu suka ɗauke ta a matsayin mai tsare gwamnati da tambaya, cinikinta ya ci gaba da hauhawa har ya haura kwafi miliyan ɗaya a mako cikin shekarun 1990.

Daga baya kasuwa ta sauya. Mujallar Focus ta shigo da gogayya a 1993, intanet kuma ta janye masu sayen takarda, duk da cewa Der Spiegel ta buɗe shafinta tun 1994. Mafi munin rauni daga cikin gida ya fito: a Disamban 2018 ta bayyana da kanta cewa wakilinta Claas Relotius ya ƙirƙiri labarai da dama. Amanar da ta samu a 1962 ita ce jarinta, ita ce kuma wannan abin kunya ya taɓa. Shi ya sa ta kafa kwamitin bincike, ta kuma buga sakamakonsa a 2019.