Tafinta Tsakanin Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Firinta

A watan Yunin 1988 kamfanin IBM ya fito da AS/400, kwamfutar da aka ƙera a Rochester ta jihar Minnesota a Amurka domin bankuna da masana'antu da kamfanonin rarraba kaya. A wancan zamani buga takarda ba abu ne mai wuya ba. Manhajar albashi ko ta lissafin kaya takan kammala rahotonta, ta ajiye shi a layin jira, daga nan ya bi wata waya mai kauri da ake kira twinax zuwa firintar IBM. Shafi kuwa girmansa sananne ne: layi 66, kowane layi na ɗaukar harafi 132.

Matsala ta kunno kai ne da ofisoshi suka rungumi firintocin lesa, irin LaserJet da kamfanin HP ya fara sayarwa a 1984. Su waɗannan harshen PCL ko PostScript suke ji, kuma da tsarin ASCII suke gane haruffa. AS/400 kuwa da EBCDIC take rubutu, tana aika umarninta da SCS ko AFP. Idan aka haɗa su ba mai shiga tsakani, abin da zai fito a takarda shirme ne kawai.

Hanya biyu ke gaban kamfanoni. Ko a sake rubuta dubban manhajojin RPG da COBOL da aka shafe shekaru ana gyarawa, inda kuskure ɗaya ka iya riƙe albashin ma'aikata, ko a samo tafinta. IBM ya zaɓi ta biyu. Ya saka Host Print Transform cikin tsarin OS/400, wanda ke juya rahoton zuwa harshen firintar kafin ya fita. Daga nan rahoton kan bi hanyar sadarwar ofis, ko dai ta ƙa'idar LPD a ƙofa mai lamba 515, ko kai tsaye ta ƙofa ta 9100 da HP ya yaɗa.

Da Adobe ya fito da PDF a 1993, aka kuma wayi gari abokan ciniki na neman rasit ta imel, dabarar ba ta canza ba. An fara da wata manhajar sayarwa mai suna Infoprint Server. A 2008, shekarar da PDF ya zama ma'aunin ISO, sigar IBM i 6.1 ta ba da damar juya rahoto ya zama PDF cikin tsarin kansa.

Don haka idan ka buɗe takardar banki ka tarar da ƙananan haruffa masu faɗi ɗaya, an matse su a shafin da aka kwantar, mai yiwuwa wata tsohuwar manhaja ce da har yau take zaton tana cika layi mai harafi 132. Ba a taɓa ta ba saboda lissafinta daidai yake. Da tsohuwar zuma ake magani. Mazubin kawai aka sauya.