Kara-Kara da Musakan da Ba Su da Sarki

 Waiwayenmu na yau ya sauka a Kara-Kara. Da an ambaci sunan unguwar nan, abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: kutare, sai kuma samarin pale. Mu kuwa so muke mu bi tarihinta domin mu kai ga wasu bayin Allah da ba a cika maganarsu ba, wato masu raunin ƙwaƙwalwa, yaran da fahimtarsu da maganarsu ke tafiya a hankali tun suna ƙanana, har su girma ba su iya riƙe kansu sai da mataimaki. Babu unguwar da ba ta da su, daga Birni har Zango, daga Sabon Gari har Garin Malam. Abin da ya faru da Kara-Kara yana da darasi babba game da yadda ya kamata hukuma ta kula da su.

Mu fara daga zamanin sarakuna. Lokacin da Damagaram ta yi ƙarfi, musamman a dogon mulkin Sarki Tanimun daga 1851 zuwa 1884, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, kowane rukunin jama'a yana da shugaban da ke kai kukansa fada. Maƙera da nasu, mahauta da nasu. Musakai ma ƙasar Hausa ba ta bar su haka nan ba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kuma har gobe ana naɗa waɗannan sarautu a garuruwanmu. Shi sarkin ne ke sasanta rigimar mutanensa, ya karɓi baƙonsu, ya raba musu sadaka da zakka idan ta zo, ya tsaya musu gaban masu mulki. Tsari ne da aka gina kan bara da sadaka, yana da nasa aibi, amma dai makaho ya san ƙofar da zai buga idan an cuce shi.

To ina sarkin masu raunin ƙwaƙwalwa? Babu shi. Dalili kuwa a fili yake: makaho yana iya tsara magana a fada, kuturu yana iya jayayya a kan haƙƙinsa, shi kuwa wannan bawan Allah abin da ya rasa shi ne ainihin abin da ake neman haƙƙi da shi. Sai aka bar wa gida ɗawainiyarsa. Shari'a ta yi nata tanadi, domin alƙali na iya naɗa masa waliyyi da zai riƙe masa dukiya, kuma rabonsa na gado ba ya faɗuwa saboda larurarsa. Ƙauye ma yana da wurin da yake sa shi: ya bi dabbobi kiwo, ya ɗebo ruwa, ya kori tsuntsu a gona. Sai dai sunayen da muka laƙaba masa sun nuna inda muka ajiye shi. Mu ce gaula, mu ce dolo, mu ce wawan gari, yara su bi shi da tsokana manya na dariya. Wanda larurarsa ta yi tsanani kuwa sai a ce ɗan ruwa ne, wai aljanu sun yi musaya, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki kada dangin miji su gani.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, garin ya zama babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mayar da hedikwata Yamai. Likitancin da suka zo da shi ya fi damuwa da cututtukan da ke yaɗuwa, irin su agana da sanƙarau da kuturta, kuma babbar dabarar zamanin ita ce a ware mai cuta daga masu lafiya. Tsoron da jama'a ke yi wa kuturta tun fil azal ya haɗu da wannan dabara, duk da cewa tun 1873 wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Irin wannan tunani ne ya haifi Kara-Kara: fili a gefen gari, cikin duwatsu, inda aka tara kutare, daga baya makafi da sauran waɗanda gari ya ƙi suka bi su. A can Maradi ma an buɗe asibitin kutare na Danja a 1956, shi ma a wajen gari.

Daga baya magani ya samu. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta cikin wata 6 zuwa 12, kuma daga 1995 aka riƙa bayar da su kyauta a duniya baki ɗaya. Wanda ya fara shan maganin ba ya ƙara shafa wa kowa. Cuta ta ja da baya, amma sunan unguwa bai warke ba. 'Ya'ya da jikoki da aka haifa lafiya lau suka gaji ƙyamar da aka yi wa kakanninsu. Unguwar ta daɗe tana baya wajen lakwal da aikin yi, samari suka koma fasa dutse da sayar da man fetur a bakin hanya, wasu suka shiga pale. 'Yar garin nan, Aicha Macky, ta nuna wa duniya wannan rayuwa a fim ɗinta mai suna Zinder da ya fito a 2021. Duk wanda ya kalle shi ya ga abin da wariya ke haifarwa bayan shekaru, ko da an yi ta da sunan taimako.

Abin mamaki, ƙasashen Turawa sun bi wannan hanya sak a kan masu raunin ƙwaƙwalwa. Wajen 1840 wani Bafaranshe, Édouard Séguin, ya nuna a birnin Paris cewa irin waɗannan yara suna koyo idan aka bi su sannu a hankali, da aikin hannu da maimaitawa. Amma makarantun da aka buɗe bisa koyarwarsa suka rikiɗe suka zama manyan gidajen tara mutane a bayan gari. Ɗaya daga cikinsu, Willowbrook a birnin New York na Amurka, an gina shi don mutum 4,000, ya kai yana ɗauke da 6,000 a 1965. A 1972 'yan jarida suka shiga da kyamara suka nuna yara tsirara cikin ƙazanta, babu mai koya musu komai. Sai a 1987 aka rufe shi. Ƙasar Danmak kuwa tun 1959 ta yi dokar da ta ce a bar su su yi rayuwa kusa da irin ta kowa gwargwadon iko. Wannan ra'ayi ne ya yi nasara, har ya shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 13 ga Disamba 2006, wadda sashenta na 19 ya tabbatar musu da 'yancin zama cikin jama'a. Nijar ta amince da ita a 2008.

A takarda kam ƙasarmu ba ta yi barci ba. Akwai dokar 2 ga Maris 1993 kan kare naƙasassu, wadda aka yi wa gyara a 2010, ita ce ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Akwai kuma doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019 kan shigar da su cikin harkokin al'umma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu 715,497, wato kashi 4.2 cikin 100 na 'yan ƙasa. Makafi suna da makarantar Soli Abdourahamane a Yamai, kurame suna da tasu a Yamai da Maradi da nan Damagaram, kuma kowannensu na da ƙungiyar da ke magana da yawunsa cikin tarayyar naƙasassu ta ƙasa.

Ku lura, tsohon tsarin ne ya dawo da sabuwar riga. Waɗanda suke da sarki jiya su ne ke da shugaban ƙungiya yau, kuma su ne suka fara samun makaranta. Ba hassada muke musu ba, da gwagwarmayarsu suka samu. Amma gurbin aiki na kashi 5 yana amfanar wanda ya riga ya yi karatu ne. Yaron da aka maido daga aji ɗaya saboda malam ya ce ba ya ganewa, yaushe zai kai ga wannan gurbi? Ɗan abin da ake da shi na ƙwararru a wannan fanni ya fi yawa a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Uwar da ke Kara-Kara, wadda ke fasa tsakuwa kafin ta ɗora tukunya, da me za ta kai ɗanta can? Ko a ƙidaya ma, yaron da aka ɓoye a ɗaki ba lalle a faɗa wa mai ƙidaya larurarsa ba.

Ya kamata mu san daga ina larurar take, domin rashin sani ne ke sa a ɗora wa aljanu da kishiya. Wani da ita ake haifarsa: mutum na da ƙwayoyin gado 46 a kowace ƙwayar halittarsa, shi kuma ya zo da 47, abin da likitoci suka gano a Faransa a 1959. Akwai galahanga, wadda ke taɓa magana da cuɗanya da mutane. Amma da yawa a ƙasarmu daga abubuwan da ake iya karewa ne: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi a kan lokaci, shawarar jarirai da ba a kula ba, masassarar cizon sauro mai hawa kai da sa jijjiga, tamowa, ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki (shi ne ke kawo maƙoƙo), sai kuma sanƙarau. Kuma wannan larura daban take da taɓin hankali, wanda ke iya samun mutum da girmansa, a yi masa magani ya samu sauƙi. Mai raunin ƙwaƙwalwa koyarwa da haƙuri yake buƙata. Mari da turu ba su taɓa ƙara wa kowa fahimta ba.

Ta fuskar rigakafi an taɓuka. Daga 2006 gwamnati ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, bayan ta yi haka ga tiyatar haihuwa. A ƙarshen 2010 aka fara allurar sabon rigakafin sanƙarau a Nijar da Mali da Burkina Faso, ya karya lagon nau'in da ya fi yi mana ɓarna a da. Sai dai wani nau'in ya sake ɓulla a jahar Damagaram daga ƙarshen 2022 zuwa 2023. A irin wannan annoba ana ƙirga waɗanda suka rasu, amma yaron da ya tashi ya rasa ji ko fahimta, da an sallame shi daga asibiti shi ke nan, lissafi ya koma kan uwarsa.

Saboda haka idan aka ce za a zamanantar da hidimar hukuma ga waɗannan bayin Allah, kada mu yarda a ce mana maganin shi ne a gina wata katafariyar cibiya a bayan gari a tara su. Mun riga mun ga ƙarshen wannan hanya da idonmu. Abin da ake buƙata ya fi haka sauƙin kuɗi. A wajen awon jarirai, ma'aikaciyar da ke auna nauyi ta riƙa tambaya ko yaro ya zauna, ya yi tafiya, ya fara magana a kan kari, ta kuma san inda za ta tura uwa. Makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke garin nan ta koya wa kowane malami yadda ake tafiyar da aji mai irin wannan yaro a ciki. Ofishin magajin gari ya tabbatar kowannensu yana da takardar haihuwa, domin wanda ba shi da ita babu shi a lissafin gwamnati. Wanda ya tasa a haɗa shi da mai sana'a a unguwarsu, kiwo ko saƙa ko aikin lambu, a tallafa wa maigidan da ya karɓe shi. 'Yan mata kuwa su aka fi cuta, saboda mugu ya san ba za su iya ba da labari ba, don haka kotu da 'yan sanda su ɗauki ƙararsu da muhimmanci, iyaye kuma su daina rufewa don gudun abin kunya.

Duk wannan ba zai samu ba sai an sami mai magana. Tunda tarihi bai ba su sarki ba, iyayensu da 'yan uwansu ne za su haɗa kai unguwa-unguwa, su zaɓi wakilai, su nemi wurin zama a fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da majalisar gari, su kuma bar waɗanda ke iya magana cikin yaran su faɗi abin da suke so da bakinsu. Mutanen Kara-Kara sun fi kowa cancantar shiga gaba, domin sun san ɗacin a nuna mutum da yatsa saboda larurar da ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Kowace uwa mai irin wannan ɗa tana kwana da tambaya guda: idan na mutu, wa zai riƙe shi? A da amsar ita ce dangi da babban gida. Yau gidaje sun rarrabu, samari sun tafi ci-rani Libiya da Aljeriya da Najeriya, hatsi ya yi tsada. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara ake bikin naƙasassu na duniya, kuma za mu so a bikin da ke tafe a garin nan a ga iyayen waɗannan yara zaune a sahun gaba da takardar buƙatunsu a hannu. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin raunananmu, amin.