Gyaran hoton mutum da aka ɗauka a waje: abin da ya kamata a sani

A unguwar Bobiel da ke arewacin Yamai, kamar sauran unguwannin babban birnin, yawancin hotunan biki, suna da Sallah a ƙofar gida ake ɗaukar su, ko a tsakar gida, ko a gindin itacen bedi. Daga baya sai a yi musu gyara a waya ko a kwamfuta, abin da masu sana'ar ke kira retush. Aikin gyara shi ne maido da abin da ido ya gani wanda kamara ta kasa kamawa. Idan ya kai ga uwar amarya sai ta ƙura ido kafin ta gane ɗiyarta, to aiki ya ɓaci, kuma da wuya gidan su sake kiran wannan mai hoton.

Sana'ar ta daɗe a Yamai. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna da hotunan matasan birnin na shekarun 1960 da 1970. A zamaninsu a ɗakin duhu ake gyara, ta hanyar ƙara ko rage hasken da ke sauka kan wani sashe na takardar hoto. Manhajojin yau wannan aikin suke yi da yatsa.

Matsalar haske a Yamai

Yamai na kusan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da azahar rana kusan tsaka take. Haskenta na barin inuwa a kwarmin ido, ƙarƙashin hanci da haɓa, goshi kuma ya yi ƙyalli. Farar shadda na ƙara dagula lamarin: kamara na auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, sai ta rage shi saboda farin kayan, fuska ta nutse cikin duhu. Jar ƙasa na mayar da ja a fata, ganyen bedi na zuba mata kore, ƙurar hunturu kuma na dusashe launuka.

Rigakafi ya fi magani. Sa'a guda bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta ne haske ya fi taushi. Idan dole ne a ɗauka da rana, a tsayar da mutum a inuwar katanga yana fuskantar fili. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin aikinsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya ɗauki yawancin hotunansa a tsakar gida, da ƙyalle rataye a bayan mutum.

Matakan gyara

1. A adana asalin hoton, a yi aiki a kan kwafi. Idan kamara ko waya na ɗaukar RAW ko DNG, a yi amfani da shi, domin ya fi JPEG riƙe bayanan da ke cikin inuwa da wuraren haske.

2. A daidaita hoton, a yanke abin da ke janye ido: babur, leda, ko turken lantarki da ya fito kamar daga kan mutum. Kada a yanke daidai gwiwa, gwiwar hannu ko wuyan hannu.

3. A gyara launi. A nemi wani abu fari a cikin hoton, kamar hula ko riga, a daidaita har ya dawo fari. Hasken tsakar rana na kusan Kelvin 5500, na inuwa kuma ya fi shi shuɗi.

4. A gyara haske. A Lightroom na Faransanci, a sauke Hautes lumières don ɗinkin shadda ya fito, a ɗaga Ombres don fuska ta bayyana. Wurin da ya ƙone fari fat ba ya dawowa.

5. A haskaka fuska ita kaɗai, kaɗan, da kayan aikin Sélectif na Snapseed ko makamancinsa.

6. A cire abin da zai wuce da kansa, kamar ƙurji, zufa ko ƙura. Zanen gado, tabo da wushirya na mai su ne, ba a taɓa su sai ya nema.

Launin fata

Nan ne aka fi yin kuskure. Haskaka fuskar da inuwa ta rufe daban, sauya launin fatar mutum daban. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi aka riƙa daidaita launi, kuma baƙar fata ta daɗe ba ta fita da kyau a fim mai launi. Yau wasu wayoyi na zuwa da tsarin ƙawata fuska a kunne, yana goge fata har ta koma kamar roba, yana kuma ƙara mata fari. A kashe shi kafin ɗauka. Gwaji mai sauƙi shi ne a kwatanta fuska da wuya da hannuwa. In launinsu ya bambanta, gyara ya wuce kima.

Idon abokan sana'a

Wanda ya daɗe yana kallon hoto ɗaya idonsa na sabawa da kuskure, shi ya sa ake nuna wa wasu, a fada ko a wurin aiki. A nuna asali da gyararre tare, a yi tambaya takamaimai: ina idonka ya fara sauka, launin fatar ya yi kama da na mutumin, me ya yi yawa? "Ya yi kyau" ba ya gyara komi. Mai ba da shawara ya faɗi wuri da dalili, misali goshi ya yi ƙyalli fiye da idanu. In mutum biyu ko uku suka nuna wuri ɗaya, a koma kansa. In ra'ayi ya rabu, mai hoto ne zai yanke. A duba hoton a wayoyi daban-daban tunda fuskokinsu ba su nuna launi iri ɗaya, kuma a tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda, don manhajar na rage ingancin hoton da aka aika kai tsaye.

Iyakokin gyara

Hoton biki na da sassauci, na labarai ba shi da shi. A aikin jarida ana iya daidaita haske da launi, amma ba a cire ko ƙara wani abu. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya keta ƙa'ida.

Sai batun izini. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Kafin a nuna hoton wani ga abokai ko a sa shi a Facebook, musamman na mace ko na yaro, a nemi yardar mai shi ko ta iyayensa.