Tsakanin Mode 9 da Ice Prince

Mu da muka zo Abuja neman abinci har muka zauna, mun san garin nan ya taɓa zama matattarar gambarar zamani kafin Legas ta kwashe kowa. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar SWAT Root tana nan, da su Mode 9 da Terry tha Rapman. Mode 9 har aikin gabatar da shiri ya yi a Rhythm FM ta Abuja. Sau bakwai ya ci kyautar gwanin baiti ta Headies, don haka shi babu gardama a kansa.

Gardamar tana kan Ice Prince, wato Panshak Zamani, yaron Jos. Da "Oleku" ta fito a 2010, amshin Brymo ya cika motocin haya daga Nyanya har Kubwa, sai masu ganin sun san gambara suka ce ai wannan mawaƙin biki ne kawai. Sun manta shi ya ci gasar Hennessy Artistry a 2009. Kyautar BET ta 2013 ma, maimakon ta wanke shi, laifi ta ƙara masa a wurinsu.

Ni dai a ganina Mode 9 ya fi shi baiti, nesa ba kusa ba. Amma ku ajiye amshin "Oleku" gefe, ku saurari yadda yake ɗora kalma a kan kiɗa, za ku ji gwani ne. Bayan Mode 9 da M.I, shi nake sawa. Kuma "Aboki" ta 2012 tana cikin lissafina, domin sunan da ake jifanmu da shi a kasuwar Wuse shi ya ɗauka ya sa ƙasa duka tana rawa da shi.