Ruwan foraj da ƙasusuwan yara: darasin Tibirin Gobir ga ƙasar Arewa

Garuruwa biyu ne a Nijar ake kira Tibiri, kuma masu karatu sukan rikita su. Ɗaya yana ƙasar Arewa, cikin jahar Doso. Daga gundumar Dogon Dutsi aka yanke shi a 2011 ya zama gunduma mai zaman kanta. Ɗayan kuwa shi ne Tibirin Gobir, mazaunin sarakunan Gobir tun ƙarni na 19, kusa da Maraɗi. Abin da za mu duba a nan a na biyun ya auku. Amma ya shafi Arawa, don tsarin gina rijiyoyin da ya kai ga wannan masifa bai tsaya a Gobir kaɗai ba.

Bayan farin shekarun 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha. A lokacin, abin tsoro shi ne ruwan tabki da na buɗaɗɗiyar rijiya, mai kawo kurkunu da gudawa. Maganin da aka sani ɗaya ne: a haƙa foraj mai zurfi, a ɗora famfo. Da yawan foraj ake auna ci gaba. A cikin wannan yanayi ne Tibirin Gobir ya fara shan ruwan sabon foraj a 1985, daga baya kulawa da shi ta koma hannun kamfanin ruwa na ƙasa, SNE.

Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Sai dai a can ƙarƙashin ƙasa yana narkar da wani sinadari da ake kira fuluwor, wanda ke cikin duwatsun wurin tun asali. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. In ya wuce miligiram 1,5 a cikin lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, sai ya soma ɓarna. Na Tibiri kuwa an same shi tsakanin 4,8 da 6,6. Yana taruwa a ƙashi, musamman na yaro mai tasowa. Haƙora su yi ja su dinga gutsurewa, ƙafafu su lanƙwashe, kai ya yi girma. Tafasa ruwa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi in ruwan ya tsotse. Ga kuma zafin ƙasarmu, da ke sa yaro shan ruwa da yawa.

Abin da ya kamata masanin tarihi ya tsaya a kansa shi ne tsawon lokacin. Kimanin shekara 15 aka yi ana sha kafin maganar ta fito fili wajen 2000, bayan dubban yara sun kamu, ɗaruruwa sun naƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, ta kai maganar gaban shari'a, kuma a 2002 ita da FIDH suka fitar da rahoto mai zargin sakaci wajen awon ruwa. A ganinmu laifin ya wuce kamfani guda: zamanin ne ya ɗauka cewa duk ruwan da ya fito daga zurfi mai tsarki ne.

A Arewa ruwa iri biyu ake sha. Cikin Dallol Mawri yana kusa, ana samunsa da ƴar rijiya, kuma shi haɗarinsa daga sama yake zuwa, wato taki da maganin ƙwarin da masu lambu ke zubawa. A kan tudu kuwa, a ƙauyukan nesa da fadama, sai an yi zurfi. Duk foraj ɗin da aka haƙa a can ya kamata a ce yana da takardun ranar gini da zurfinsa. Aikin da muke ba ɗaliban wannan sashe shawara shi ne su nemo takardun a ma'aikatar ruwa ta Doso, su duba waɗanne ne aka auna sinadaran ruwansu, kuma a wace shekara aka yi awon ƙarshe.